Kwalba Ta Biyu

"Kwalba guda ta isa!" Inna Larai ta riƙe hannun Adawiyya. "Mi za ki yi da ta biyu?"

Ɗanta Ƙasimu na kwance, zazzaɓi na cin sa tun da wanzami ya cire masa haƙori a Goronyo. Da magani ya ƙi ci, aka kawo shi Sakkwato, asibitin da Adawiyya ke aikin gwajin jini. Ita yake son aura. Inna kuwa ta ce ba ta haɗa zuri'a da mai taɓa jinin mutane.

Sadiya, 'yar ƙanen Inna da ta daɗe tana son Ƙasimu, ta taɓe baki.

"Gwaggo, guda ta likita, guda ta boka. Haka ake mallake namiji."

Adawiyya ko kallonta ba ta yi ba.

"Inna, akwai ƙwayoyin cuta da ba su rayuwa cikin iska. Cikin baki da hanji suke ɓuya. Wagga kwalba babu iska cikinta. In su ne suka shiga jininai, nan za su tsiro mu gan su."

"In kika cika ta, ki manta da yaron ga," in ji Inna.



Ƙasimu ya buɗe ido da ƙyar.

"Adawi, masoyiyata... bari. Kar in rasa ki."

"Gara ka rasa ni kana numfashi. Jininka ne. Ka yarda?"

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya miƙa hannu.

Ta cika duka biyun.

Kwalbar farko ba ta nuna komai ba. Ta biyu ta nuna. Likita ya sauya magani, zazzaɓin ya sauka.

Adawiyya ba ta sake leƙa ɗakin ba. Sakamakon ma aikowa ta yi.

Wata safiya ta ɗago kai daga aiki, sai ga Inna a ƙofa da kwanon kunu.

"Likita ya ce ba don taurin kanki ba, da yanzu zaman makoki muke."

"Aikina ne, Inna."

"Na ce ki manta da shi. Kin manta?"

Adawiyya ta sunkuyar da kai.

"Ina ƙoƙari."

"To bar wahal da kanki, ɗiyata." Ta miƙa mata kwanon. "Ya ƙi sha a hannuna, kai mai. Kuma ki shaida ma babanki, baffanninai na tahe ran Juma'a."