Dashen Kan Hashimu

Ranar da aka fara jifan, Inna Fadima tana bakin murhu tana tuƙa tuwon dawa. Rana ta faɗi, sai ɗan ja-ja da ya rage a bayan gonaki. Awaki sun koma turke, kaji sun hau. Sai wani abu ya faɗo kan kwanon ɗakin Hashimu, ƙwal. Ta ɗaga kai, ta ci gaba da tuƙinta. Na biyu ya faɗo. Na uku kuwa a gabanta ya sauka, dab da tukunya. Ta miƙa hannu ta ɗauka. Hoge ne jiƙaƙƙe, kuma da ɗumi, kamar yanzu aka tsamo shi daga ruwan zafi.

Yaran unguwa ba sa jifa da hoge mai ɗumi. Ta ajiye shi a gefe, ta kwashe tuwonta, ba ta ce da kowa komai ba.

Hashimu jikanta ne. Ita ta raine shi da ƙanwarsa Ramlat tun rasuwar ubansu. Yana sayar da atamfa a Kano, ba ya zuwa ƙauye sai da Sallah. Amma kwana tara kafin wannan magaribar sai ga shi ya sauka daga motar Tsanyawa, ba hula, ya riƙe lema ba ruwa ba rana, goshi a kumbure, gaban kansa cike da ɗigo-ɗigon jini, ƙeya a naɗe da bandeji.

"Wa ya sare ka?" in ji Inna.

"Ba sara ba ne, Inna. Dashen gashi aka yi min a Abuja."

"Dashe? Kai fadama ne?"

Ya zauna ya yi mata bayani. Allurar kashe zafi suke yi, sannan su riƙa ciro gashin ƙeya ɗaya-ɗaya da saiwarsa, su huda gaban kai inda sanƙo ya cinye, su dasa. Dubu uku aka dasa masa, tun safe har la'asar.

"Wato an kwaso na baya an kai gaba," in ji ta. "Kakanka da sanƙonsa ya aure ni, kuma a lokacin daga nan har Tsanyawa babu wadda ta fi ni."

Ta san abin da ya kawo shi. Likita ya hana shi sa hula har sati biyu, shi kuwa ba zai iya tsayawa a kasuwa da wannan kan ba. Da yamma ya karanta wa Ramlat dokokin daga wayarsa, Inna tana tsintar wake kamar ba ta ji. Ban da rana. Barci a kishingiɗe. A wanke kan kullum da ruwa mai ɗumi, a zuba a hankali da kofi, ban da cuɗawa. Bayan sati uku gashin da aka dasa zai zube, kada a tsorata, saiwar tana ciki.

Ita ma ta faɗi nata dokokin, waɗanda suka girmi likitan. Ba a zubar da ruwan zafi in rana ta faɗi. Ba a zuba komai a bayan rumbu. Duk gashin da ya bar kan mutum a gidan nan, a tattara a binne, kamar yadda ta binne nasu tun na askin suna.

To amma da rana gidan ba ya rabo da mata masu sayen daddawa, Hashimu kuwa ba ya son a gan shi a sunkuye ana zuba masa ruwa kamar jariri. Sai shi da Ramlat suka riƙa jira Inna ta hau sallaya. Ramlat ta tafasa ruwa, ta sirka, su zaga bayan rumbu inda ba mai gani. Ragowar tafasasshen kuma, don kada Inna ta tarar da shi, sai ta watsa a nan gindin danga, cikin sauri, ba bisimilla.

Duk wannan daga baya Inna ta sani.

Jifa bai tsaya ba. Kullum da an kira magariba sai ya fara, ba ya wuce isha. Bai taɓa samun kowa ba, gajiyar da mutane kawai yake yi. Maƙwabta suka zagaye gidan da fitilu, ba su ga sawun kowa ba, suka gaji suka daina zuwa. Ran na huɗu aka fara jin kuka daga bayan rumbu, kukan ƙaramar yarinya da ta daɗe tana yi har murya ta dushe. Inna ta turara gidan, ta yi addu'o'in da ta sani. Shekarunta sun haura saba'in, gwiwoyinta ba sa son tsayuwa, amma ba ta yarda kowa ya ga ta jingina da bango ba.

Ran na shida ta tarar da Ramlat zaune a bayan rumbu ta tsefe kitsonta. Tana tsige gashin gabanta silli-silli, tana jerawa a ƙasa layi-layi, kamar mai dashen albasa.

"Ke Ramlat, tashi."

Yarinyar ba ta ɗago ba. "Bai isa ba tukuna," ta ce. Muryar ba tata ba ce.

Washegari Inna ta aika garin Bagwai a ɗauko Malam Dabo. Ya iso bayan la'asar a kan babur, tsoho siriri, da jakar fata da alamar wanda bai huta ba. Ya sha ruwa, ya dubi hogen, ya dubi kan Hashimu ya daɗe yana dubawa. Sannan ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, mata biyu suka riƙe Ramlat, wadda gaban kanta ya riga ya yi fili kamar tafin hannu.

Ya fara karatu a hankali, ba ya ɗaga murya. Inuwar rumbu ta miƙe har ta taɓa tabarmar. Can sai jikin Ramlat ya sandare, ta yi wani dogon nishi.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, alhali ni aka fara ƙonawa."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciya." Idanun suka juya kan Inna. "Fadima ta san da mu, ko ba ta taɓa ganinmu ba. Shekara hamsin, ko ruwan sanyi ba ta zuba mana sai ta ambaci Allah mun kauce."

Rabon da wani ya kira Inna da sunanta tsirara tun mijinta yana da rai. Ta gyara zama. "To me ya kawo ki jikin jikata?"

"Hannunta ne ya watsa. Ɗiyata tana wasa a gindin danga. Kanta ya saɓule, Fadima, ko silli ɗaya bai rage ba. Naku yana ta lallaɓa nasa da kofi, tawa tana kwana tana kuka."

Hashimu ya sunkuyar da kai.

"An cuce ki," in ji Malam Dabo, "amma ba da sani ba. Ke kuwa da sani kike yi. Ki ji tsoron Allah ki fita."

"Zan fita. A biya ni gashi da gashi. Ko na wadda ta watsa, har ƙeya, ko na wanda aka watsa dominsa. Wancan da ya dasa."

Hannun Hashimu na dama ya tashi da kansa ya kare goshinsa. Bai ce a'a ba. Bai kuma ce a ɗauki nasa ba. Ya tsaya haka, hannu a sama, baki a buɗe, ƙanwarsa tana kwance a gabansa da jini a gaban kanta. Ba a fi ƙiftawar ido uku ba, amma Inna ta ƙirga su duka.

"Ba ma yi wa aljani yanka, ba ma ba shi kyauta," in ji Malam.

"Ba kyauta ba ce, Malam," in ji Inna. "Gashin da ya zube a gidan nan binne shi nake yi, tun kafin a haifi uban yaron nan. Inda zan binne kuma ni ke zaɓa." Ta juya ga muryar. "Ki saurara da kyau, ba na maimaita magana. Duk sillin da ke tsaye a gaban kansa yau, in ya faɗi, zan binne a gindin dangarki. Abin da ke ƙarƙashin fata ba naki ba ne."

Inna ta yi dashen albasa shekara arba'in a fadama. Ta san ganyen da aka dasa da shi ba shi ake girba ba.

Muryar ta yi wata gajeriyar dariya. "Kin iya ciniki, Fadima. Na karɓa. Amma ɗiyata za ta shafa sau ɗaya, ta ji yadda yake."

Malam ya sa aljanar ta yi rantsuwa ba za ta dawo ba. Ramlat ta yi atishawa uku, jikinta ya saki, ta buɗe ido tana tambayar wa ya cire mata ɗankwali. A daidai lokacin Hashimu ya zabura, ya ce wani abu mai sanyi ya taɓa masa kai. Aka kira magariba. Kwano bai yi ƙara ba.

Cikin sati gashin ya fara zuba, kamar yadda likita ya faɗa. Kullum da safe Inna ta kakkaɓe matashinsa a kan faifai, ta tattara, ta zaga bayan rumbu da ƙaramar fartanya, ta yi bisimilla. Ran da ya ƙare, Hashimu ya sa hularsa ya koma Kano.

Sai bayan an kai amfanin gona gida ya dawo. Da ya cire hula zai yi alwala Inna ta gani. Dashe ya kama, baƙi ƙirin, har goshi. Sai wuri ɗaya a gefen dama da ya ƙi fitowa, santsi kamar an goge, da shatin 'yan yatsu biyar ƙanana. Ya ce likita ya ce wani lokaci dashe yakan ƙi kamawa a wani wurin, za a iya sakewa.

"Ka bar shi," in ji Inna.

Gashin Ramlat ya tofo, har an yi mata kitso. Ta sha faɗa cewa ba ta tuna komai na wannan yammacin. Amma da Hashimu ya ɗaga buta ya ji ba ruwa, ya ce, "Ramlat, ɗan zubo min," sai ta dubi hannunsa na dama, wanda ya kare goshi da shi ran nan, ta miƙe ta shiga ɗaki.

Inna ta dafa gwiwa ta tashi, ta je randa ta ɗebo masa da kanta.