Ranar da Zuberu Ya Kori Moro

Wata Asabar ce bayan la'asar, a shekarar 1986. Zuberu ya hura usur a filin ƙwallon kwando na unguwar Nima, ya ɗaga hannu ya tsayar da wasa. Sai ya ji dariya a bayansa. Wata budurwa ce a bakin katanga, gaban kaskon ƙosai, tana kwaikwayon yadda ya ɗaga hannun.

Zuberu mai walda ne a Kotobabi, ranar Asabar kuma shi ne rafali. Ba mutum ne mai rikicewa ba. Ran nan sai da ya manta lambar wanda ya yi laifin.

Da aka tashi ya je sayen ƙosai.

"Me ya ba ki dariya?"

"Kai mana. Sai ka ce ɗan sanda mai ba motoci hannu a titin Kanda."

"Kowane hannu da ma'anarsa."

"To koya mini, in yi maka gyara mai yawa."

Sunanta Zuera, 'yar Alhaji Abubakari mai goro na Maamobi. Yayanta Moro shi ne mai lamba bakwai a ƙungiyar Maamobi.

Duk Asabar yakan koya mata alamar hannu ɗaya. Dunƙulen hannu ɗaya a sama, an yi laifi. A kama wuyan hannu a saman kai, da gangan aka yi. A buɗe tafi a yafito, mai jira ya shigo fili.

"In an dunƙule duka biyu fa?" ta tambaya.

"Kora ce. Ta wanda ya yi mugunta don ya ji wa mutum ciwo. Ya bar filin gaba ɗaya, ko benci ba zai zauna ba, kuma ba ya dawowa a wasan."

"Ka taɓa yi?"

"Sau ɗaya. Ba na so."

Magana ta kai kunnen Alhaji. Ya ce shi ba zai ba da 'yarsa ga namiji mai gemu da ke bin masu gajeren wando yana busa usur ba. Ganiyu yake so, ɗan amininsa. Ganiyu ma yana buga wa ƙungiyar Kanda ƙwallo, amma yana da tirotiro nasa, wato bas ɗin haya, Alhaji kuwa motar yake gani. Aka hana Zuera zuwa fili.

Moro ya zama mai kai musu wasiƙa. Tata takan zo naɗe da ƙosai, duk ta yi mai:

"Mai usur nawa. Baba ya tsayar da wasa, amma ni ban bar fili ba. Ka ci ƙosan da zafi. Taka, Zuera."

Shi kuma ya amsa:

"Zuera, hasken Maamobi. Jiya na ƙone da walda don ina tunaninki. Bai yi zafi kamar Asabar ba ke ba. Ki yi haƙuri."

Wata biyar Moro yana roƙon mahaifiyarsu Hajiya Asana, ita kuma tana roƙon Alhaji. A ƙarshe Alhaji ya ce, "Kawunnan Zuberu su zo ranar Lahadi. Ban yi alkawarin komai ba."

Asabar ɗin kafin Lahadin aka yi wasan ƙarshe, Maamobi da Kanda. Ganiyu ya gayyaci Alhaji, ya sa aka kawo masa kujera. Tunda uban yana wurin, Zuera ma ta fito da kaskonta.

Tun farkon wasa Ganiyu yake tsokanar Moro.

"Surukina, ba ni hanya! Ka gaya wa ƙanwarka ta fara koyon wanke mota."

Saura minti huɗu, Maamobi na gaba da ci biyu. Ganiyu ya yi tsalle zai jefa. Moro ko kallon ƙwallon bai yi ba. Ya shiga ƙarƙashinsa da kafaɗa ya kwashe masa ƙafafu. Ganiyu ya faɗo da fuska a kan siminti. Jini ya zuba.

Usur ya yi ƙara. Samarin Kanda sun miƙe, wasu har sun ɗaga benci.

Moro ya matso kusa da Zuberu, ya yi ƙasa da murya. "Chale, abokina, ka ba da laifi kawai. Don kai na yi. Ka tuna gobe."

Zuberu ya tuna goben. Ya dubi Alhaji a kan kujera, ya dubi Zuera da matsami a hannunta. Sannan ya taka zuwa teburin masu rubuta ci, ya nuna yatsu bakwai, ya dunƙule hannayensa biyu ya ɗaga sama. Ya nuna wa Moro ƙofa.

Moro ya daɗe yana kallonsa. Ya ɗauki rigarsa ya fita. Samarin Kanda suka ajiye benci. Wanda ya canji Ganiyu ya jefa biyu, duka suka shiga. Daga nan Kanda ta wuce gaba, ta ci wasa.

Da aka watse Zuberu ya nufi kaskon ƙosai. Zuera ta dunƙule hannayenta biyu ta ɗaga masa, idonta cike da hawaye. Ya gane. Ya juya.

Ranar Lahadi kawunnansa suka ce zuwan ba shi da amfani. Ya ce su je, an ba su rana. Ba su daɗe da zama ba Alhaji ya aika a kira Zuberu da kansa. Ya tarar da Moro a tsugune a gefe.

"Ka san ɗana ne?" in ji Alhaji.

"Na sani, Baba."

"Ka san shi kaɗai ne ya tsaya maka a gidan nan?"

"Na sani."

"In an sake fa?"

"Zan sake korarsa, Baba. Da Ganiyu da ƙeya ya faɗi, da yau zaman makoki ake yi. Kuma da ban fitar da Moro ba, da bencin nan a kansa zai sauka."

Alhaji ya juya carbinsa.

"Na ga bencin," ya ce. "Shekara ashirin da shida ina faɗa da zuciyar yaron nan. Ban taɓa ganin an ce masa fita ya fita shiru ba sai jiya." Ya juya ga Moro. "Tashi ka je gidan su Ganiyu ka ba da haƙuri. Da ƙafa."

"To, Baba." A bakin ƙofa Moro ya tsaya. "Zuberu, ka yi daidai. Amma wallahi ka ja mana asarar kofi."

Alhaji ya dubi kawunnan. "Na ɗauka wasan yara yake yi. Jiya na ga an ba shi zaɓi tsakanin mata da gaskiya, ya zaɓi gaskiya. Na ba shi Zuera. Sai dai ita ta ce ta fasa. Ya shiga ya ji daga bakinta."

Zuera tana tsakar gida tana surfen wake. Da safen nan ta raka Hajiya dubo Ganiyu, ta ga haƙora biyu babu. Zuberu ya tsaya daga bakin ƙofa, bai shiga ba.

"Kin kore ni."

"Na kore ka."

"Wanda aka kora ba ya dawowa."

"A wasan da aka kore shi. Kai ka koya mini. Na jiya ya ƙare, mai usur nawa."

Ta goge hannunta da zane, ta buɗe tafi, ta yafito shi.

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure a Maamobi. Moro ne ya raba goro. Ganiyu ya kai kayan amarya Kotobabi a tirotironsa, yana dariya da giɓi, ya ce shi ma rafalin ya taɓa tsaya masa.

Zuberu ya ƙara shekara goma sha ɗaya yana busa usur, mutum uku kawai ya sake kora. Da ya daina, Zuera ta rataye usur ɗin a ƙusa a ɗakinta, yana nan har yau. Allah ya ƙara musu zaman lafiya, ya shirya musu zuriya. Amin.