Goɗiya Mari da Bindigar Kaka

"Tura ƙofar!"

"Ba ta turuwa, oga."

"To ja ta mana, sakarai."

"An danna sakata ta ciki."

Idwal Prydderch ya leƙa ta 'yar hudar da ya yi wa zanen gadon da ya lulluɓa da shi. Ba ya ganin komai sai ƙeyar yaronsa Tegwyn Bebb da ruwan sama. A hannun Idwal akwai sanda, a kan sandar akwai ƙoƙon kan doki, fari tas, an ɗaura masa ƙararrawa da ƙyallaye masu launi, an cusa gindin kwalba a gurbin idanu. Goɗiya Mari ke nan, wadda ke bin gidaje a farkon kowace shekara.

Shirin kuwa mai kyau ne, Idwal da kansa ya faɗa. A makon nan kaɗai ne ƙato zai rufe fuska ya ratsa tsakiyar garin Nantgarrog da rana tsaka, mutane su ɗaga masa hannu. Tegwyn ya shafe fuska da baƙin tukunya, ya rataya buhu, a cikin buhun akwai bindiga. Meurig mai madara yana kwana da motarsa, inji a kunne. A shiga laburare, a ɗauki littafi ɗaya, a fece.

Littafin Kawu Caradog ne. Rubutun hannu a kan fata, tsofaffin waƙoƙi da babu wanda ya iya karanta su a dangin. Rabin rayuwarsa Idwal ya yi yana jiran gadonsa. Ya yanke wa tsohon farce, ya saurari labarin ciwon gwiwarsa har ya haddace. Ranar da Kawu ya mutu sai aka ji ya ba laburare kyauta.

Ciwon garin ke nan. Duk wanda ya ji mutuwa na tafe, sai ya tattara littattafansa, da cokulan kakarsa, da tsohuwar kujera, ya aika laburare, don a rubuta sunansa da ruwan zinare a kan allon masu kyauta da ke zaure. Akwai wani fasto da ya ba da haƙoransa na roba. Suna nan a akwatin gilashi, suna yi wa masu karatu murmushi.

Wani dillali a Ingila ya ce a kawo littafin, ba zai tambayi komai ba. Nesta, matar Idwal, ita ma ta faɗi tata tun lokacin da aka kama shi da tumakin da ba nasa ba.

"Ka sake shiga hannun Saja Penri, kada ka dawo gidan nan. Kare kuma nawa ne."

Saboda haka abu ɗaya ne wajibi: kada zanen nan ya bar kansa.

Daga bayan ƙofa wata ta yi gyaran murya.

Nan take Idwal ya gane kuskurensu. Sun tsara komai, sun manta da abu ɗaya da ko jaririn garin ya sani: ba a buɗe wa Mari ƙofa haka kawai. Na ciki su yi baitin zambo, na waje su mayar, a yi ta yi har wani ɓangare ya rasa abin cewa. In na waje suka ci, sannan a zare sakata. Mis Ceinwen mai kula da laburare ta hango su ta taga, kuma ita ba ta wasa da al'ada. Ga shi yau ranar karɓar kyauta ce, tsofaffi sun cika zauren da kwalayensu.

Muryarta ta fito siririya kamar allura:

"Wa ke bugun ƙofa da ƙashin kai,
Ba nama, ba fata, sai haƙora kawai?
Koma gida, goɗiya, ruwa na zuba,
Nan gidan littafi ne, ba rumbun dusa ba."

"Oga, a fasa ƙofar?" Tegwyn ya yi raɗa.

"Da me? Da kanka? Itacen nan ya girmi ubanka. Mayar mata."

"Ni?"

"In na yi waƙa za a gane muryata. Maza."

Tegwyn ya buɗe baki.

"Mu ne… mu ne muka zo,
Ku buɗe mana… tunda mun zo."

Dariya ta ɓarke a ciki har wani tsoho ya sarƙe. Mis Ceinwen ko numfashi ba ta ja ba.

"Wannan baiti ne, ko tari ya kama ka?
Tunkiyar da ake wa aski ma ta fi ka."

A ƙarƙashin zane, kunnuwan Idwal suka yi zafi. Gidan Prydderch sun yi abin kunya iri-iri a garin nan. Sun ci bashi sun hana, sun yi dambe a wurin jana'iza. Amma ba a taɓa kayar da su a bakin ƙofa ba, tun daga kakan kakansa. Ya ce wa kansa ba ruwansa. Ya sake faɗa wa kansa. Sai ya ji ya toshe hanci da yatsu biyu ya ɗaga murya:

"Goɗiya ba ta zo neman dusa ba,
Karatu take so, ba a koya mata ba.
Littattafanku dubu, duk ƙura ta ci,
Ɓera ke karatu, ku kuna barci!"

Daga ciki wani ya ce, "Kai, yau an samu namiji."

A ofishin 'yan sanda waya ta yi ƙara. Wata mata ce: ta ga bakin bindiga ya leƙo daga buhu a ƙofar laburare. Saja Penri ya ajiye kofin shayi, ya ɗauki ankwa, ya hau keke. Ya sha kwanar coci a guje — taya na fesa ruwa — ya tarar da rabin gari a tsaye cikin ruwan sama. Ya kutsa. Ya ji baiti. Ya tsaya. Saja yana da murya kamar daga ƙasan rijiya, kuma tun da aka rushe ƙungiyar mawaƙan coci bai samu inda zai kai ta ba.

"Oga," in ji Tegwyn, "ɗan sanda a bayanmu."

"Me yake yi?"

"Amshi yake maka."

"To Meurig fa? Yana mota?"

"Ga shi can kusa da Saja. Shi ke amshi da siririyar murya."

Idwal ya zagi uwar madara a zuci, ya ci gaba. Ta ce goɗiyar ta rame kamar albashin malami. Ya ce gilashin idonta ya fi gindin kwalbar Mari kauri. Ta taɓo warin zanen. Ya taɓo shayinta, wanda ya ce ko an zuba wa fure sai ya nemi bahasi. A nan Mis Ceinwen ta buɗe baki, baiti ya ƙi zuwa.

Sakata ta yi ƙara.

Suka afka ciki!

Tegwyn ya zaro bindiga daga buhu — doguwar adaka, tsatsa har wuya. Rabonta da harbi tun kafin a kawo jirgin ƙasa kwarin nan. Da ita Nesta ke zungurar bututun hayaƙi.

"Kowa ya kwanta! Fashi ne!"

Tafi ya kaure.

"Na ce ku kwanta!"

"Ɗana, in na kwanta wa zai tashe ni?" in ji wani tsoho mai rungume da agogon bango.

"Bana har da ɗan fashi suka ƙaro," wata ta ce wa maƙwabciyarta. "Bara kam ba a yi komai ba."

Aka fito da faranti cike da wainar kasko mai zabibi. Saja ya ɗauki biyu. Idwal kuwa ya gane sa'arsa: aikin Mari ne in ta shiga gida ta yi ɓarna, ta kori mata, ta wawuri abin da ta gani. Ya ja igiyar muƙamuƙin dokin — ƙwas! ƙwas! — ya yi kan tsofaffi. Suka watse suna ƙyalƙyala dariya. Ya ture kujera. Ya zagaye haƙoran fasto. Ga littafin Kawu a kan tebur, a buɗe, an fito da shi don a nuna wa baƙi. Hannu ya fito daga ƙarƙashin zane, ya koma. Tebur ya zama wayam.

Ƙofa a buɗe. Mota na can tana huci ita kaɗai. Ba ya buƙatar Meurig, ya iya tuƙi. Ƙafarsa ɗaya ta riga ta taka waje.

"Tsaya, yaro, mu ga wannan."

Ba da shi ake ba. Mis Ceinwen ce ta kama bakin bindigar da Tegwyn ke nuna mata, ta jawo ta kusa da gilashinta kamar mai zaɓen kifi a kasuwa.

"Ikon Allah. Wannan ai ta zamanin da manoma suka sa tufafin mata suka farfasa shingayen haraji ce. Dubi tambarin maƙerin. Ba mu da ko ɗaya irinta. Kyauta ka kawo mana?"

"A'a, Mis, ni fa…"

"Sunan wa za a sa a allo?"

Tegwyn ya ɗaga kai ya dubi allon. Sunaye jere tun daga rufi. Babu Bebb ko ɗaya. Sunan Bebb a ofishin Saja kaɗai ake rubuta shi.

"Da ruwan zinare?" ya tambaya a hankali.

"Da ruwan zinare."

Tafi, Idwal ya ce wa ƙafarsa. Ƙafar ta tsaya sauraro.

"Ki sa iyalan Bebb," in ji Tegwyn, murya ta fara kumbura. "Ta kakan kakana ce. Shi ya ja mutane a wannan tawayen. Shi kaɗai ya karya shinge bakwai. An ce 'yan Prydderch ma suna wurin, su ke riƙe masa jaka."

Zane ya yi sama! Kan doki ya bugi ƙasa, ƙararrawa suka watse.

"Ƙarya kake, ɓarawon kaji! Bindigar kakana ce! Kakanka ko cokali bai iya riƙewa ba! Daga bayan ƙofar kicin ɗina ka ɗauko ta da safen nan!"

Littafin Kawu Caradog ya zame daga hammatarsa, ya faɗi tim a tsakiyar zaure.

Ba wanda ya yi tafi. Saja Penri ya dubi littafin, ya dubi Idwal, ya dubi sauran wainar da ke hannunsa, ya cinye ta tukuna, domin ba a san lokacin da za a sake zama ba.

"Idwal, ka kyauta da baitin ɓeran nan," ya ce yana laluben ankwa. "Miƙo hannu."

"Shi ya tsara komai, Saja," in ji Tegwyn da sauri. "Ni cewa ya yi wasan Mari za mu yi. Ko ba haka ba, Meurig?"

"Ni waƙa na zo yi," in ji Meurig.

Mis Ceinwen ta ɗauki littafin, ta hure shi, ta duba kusurwoyinsa. Har yanzu bindigar na ɗaya hannunta.

"To yanzu magana ta rikice. In ta Idwal ce, shi kaɗai ke da ikon bayarwa."

Saja ya sosa haɓa. "Ni ma haka nake gani. In makami ce, fashi da makami ke nan, sai ya tsufa a ciki. In kuwa kyauta ce aka kawo ranar karɓar kyauta, sai mu ce ɗauke-ɗauke ya yi. Idwal, wacce ce?"

Idwal ya dubi allon. Ga sunan Kawu can, sabon fenti, yana ƙyalli kamar yana masa gwalo. Shekara da shekaru yana cewa duk mai kai kaya laburare ƙwaƙwalwarsa ta riga shi mutuwa.

"Kyauta ce," ya ce kamar mai tauna ƙusa.

"Har da kan dokin?"

"Har da shi."

"Zanen fa? Ɗinkin hannu ne, ga fure a gefe."

Sai a lokacin ya lura da wanda ya ciro daga durowa. Zanen auren Nesta ne, ga huda biyu a tsakiya.

Alƙali ya ba shi wata huɗu. Tegwyn ya zama shaida, aka sake shi, yanzu shi ke share zauren laburare ranar Asabar. Meurig ya rasa motarsa, domin ya bar ta a kunne a gangare, ta gaji da jira ta tafi kogi da madarar gari duka. Laburare kuwa, da aka zo yi wa fashi, ya tashi da bindiga, da kan doki, da zane, da littafinsa.

Ranar da aka sake shi, Idwal ya hau tudun gidansu ana yayyafi. Ya dubi bakin ƙofa. Babu jaka, babu kwali, ba a watso masa kayansa waje ba. Zuciyarsa ta ɗan yi sanyi. Ya gyara wuyan riga, ya ƙwanƙwasa.

Ya ji an danna sakata. Ya ji Nesta ta yi gyaran murya.

"Kayanka na laburare, na ba su kyauta,
An jera su a sashen tarihin wauta."

Idwal ya ja numfashi. Ba a taɓa kayar da ɗan Prydderch a bakin ƙofa ba. Ya laluba kansa sama da ƙasa yana neman abin da zai dace da baitin. Kalma ɗaya ce ta zo masa, cuta, kuma ko shi ya san ba shi aka cuta ba.

Daga ciki kare ya yi haushi sau biyu, daidai inda amshi ke faɗawa.