Ƙaramar Kujera a Bakin Taga

Tana durƙushe a tsakar falo tana ɗaure wa 'yarta igiyar takalmi aka turo ƙofa ba sallama. Yaya Babba ce, yayar mijinta, riƙe da wata ƙatuwar baƙar leda.

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Riƙe sannunki, 'Yar Kambas. Ina zuwa haka?"

"Kafe za mu, wajen babanta."

Yaya Babba ta kalle ta daga sama har ƙasa: riga ruwan ƙwai har gwiwa, faffaɗan wandon jins, farin kambas, ga jakar goyo a baya kamar mai tafiya makaranta. Ta jefa ledar kan kujera.

"Jiya wata kastoma ta ja ni gefe, wai in ja wa ƙanina kunne. Wai akwai wata 'yar makaranta da ke zuwa kullum da yamma tana masa fari da ido, har 'yar maƙwabta take arowa don ta samu hanyar shiga. Na rasa bakin da zan ce matarsa ce."

Dariya ta kufce wa 'Yar Kambas, ta yi saurin toshe baki.

"Au, abin dariya ne? Ke dai ba ki san kin haihu ba. Uwa tana da shigarta. Ga kaya nan, in za ki taka mana shago ki tako shi a matsayin matar aure."

Kafen, wato shagon shan kofi, na su biyu ne, Yaya Babba da ƙaninta Auta, wanda ta raina tun rasuwar mahaifiyarsu. Ita ke zama a kanta, shi ke kan injin kofi. Ba ranar da suke rufewa. Yana fita yarinyar ba ta tashi ba, yana dawowa ta yi barci. Zuwan yamma ne kaɗai ke haɗa uba da 'ya. Yakan ɗumama mata madara a ƙaramin kofi, ya tara kumfa a sama, ya zana zomo da cakulan. Kalmar da ta fara fita daga bakinta ke nan, "kumfa", har sunan ya bi ta.

A teburin bakin taga suke zama. A nan 'Yar Kambas take karanta littafi tun tana budurwa, kofi ɗaya har rana ta faɗi, har ranar da wani mai kunya ya ajiye mata na biyu, ya koma bayan inji yana goge abin da ya riga ya goge.

Washegari ta yi biyayya. Ta sa doguwar riga mai nauyi, ruwan toka, wadda ta matse ta a idon sawu. Ta hau takalmi mai tsini. Ta ɗauki 'yar jakar hannu mai ƙyalli da ba ta cin komai sai waya da makulli. Tsumman goge baki, rigar canji da 'yartsanar Kumfa duk suka kwana a jakar goyo.

Auta ya ɗago daga kan inji ya gan ta, ya ɗan tsaya.

"Wace hajiya muka samu yau?"

"Maman 'yarka ce, an gyara maka ita," ta ce ƙasa-ƙasa.

Kumfa ba ta da abin wasa, sai ta mai da kafen filin wasa. Ta zame daga cinya, kofin madara a hannu, ta nufi tsakiyar tebura. Uwar ta yunƙura, rigar ta harɗe ta, takalmin ya gurɗe. Kafin ta miƙe, madara ta malale kan takardun wani mai kwamfuta, ta gangara kan wandonsa.

"Wannan wajen shan kofi ne ko gidan raino?" Mutumin ya miƙe yana kakkaɓe jiki. "Mutum ya baro hayaniyar gidansa ya zo ya tarar da ta wasu?"

"Sori, don Allah ka yi haƙuri," in ji 'Yar Kambas, tana lalube a jakar da ko ƙyalle babu.

Yaya Babba ta fito daga bayan kanta.

"Kin gani ko? An sa miki kayan manya, hankalin manya ya ƙi shiga. Auta, ka yi magana ko ni in yi."

Idon kowa na kansa. Auta ya kalli yayarsa, ya kalli kastoman, bai kalli matarsa ba.

"Ku tafi gida," ya ce. "Kada ku ƙara zuwa."

Kafin su kai bakin titi, Yaya Babba ta manna takarda a gilashin ƙofa: BA A SHIGOWA DA YARA.

A gida ta cire takalmin ta jefa shi ƙarƙashin gado, ta yi kuka har kanta ya yi ciwo. Amma ba ta haɗa kaya ba, ba ta kira kowa ta kai ƙara ba. Da safe ta goge masa rigar aiki kamar kullum.

"Fushi kike?" ya tambaya yana ɗaura agogo.

"Ina yi."

"Ki gane, ita ta raine ni. Ba zan iya musu da ita a gaban mutane ba."

"Ni kuma za ka iya kora ta a gabansu. Na gane."

Ya gama ɗaura agogon ya fita.

Kwanaki suka yi ta wucewa. Da fari, rana na yin sanyi Kumfa za ta jawo takalminta ta tsaya bakin ƙofa tana cewa, "Baba, kumfa." Uwar ta gwada kaɗa madara da cokali mai yatsu, ta zana wani abu mai kama da ɓera. Yarinyar ta ture kofin. Daga baya ta rage tsayuwa a ƙofar. Daga baya ta daina gaba ɗaya.

Wata rana injin kofi ya lalace, mai gyara ya ce sai gobe. Auta ya shigo gida da rana tsaka, yana murna kamar yaron da aka tashi daga makaranta. Ya durƙusa ya buɗe hannu.

"Kumfata, zo."

Yarinyar ta tsaya tana kallonsa. Ta ja da baya a hankali, ta ɓuya a bayan ƙafar uwarta, ta leƙo da ido ɗaya.

"Mama, baƙo."

Hannunsa ya daɗe a buɗe kafin ya sauke shi.

"Ke kika koya mata?"

"Kullum sai na nuna mata hotonka a waya. Hoto ba ya ɗaukar yaro, Baban Kumfa. Ba don in sha kofi nake zuwa kafe ba. Ba don a kalli wandona ba. Kai nake kai mata."

Ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango, ya rufe fuska. Ta tsugunna kusa da shi. Can ya ce, "Gobe da yamma ku zo. Ki sa abin da kike so."

Ta zo da rigarta ruwan ƙwai, da kambas, da jakar goyo. Takardar ƙofa ba ta nan. A teburin bakin taga an ajiye wata ƙaramar kujerar katako, da tabarmar roba a ƙasa.

Yaya Babba na tsaye, takardar a duƙunƙune a hannunta.

"Wa ya ba ka izinin cirewa? To zaɓi, Auta. Ko ni a shagon nan, ko wannan mai shigar 'yan makarantar da 'yarta."

"Yaya, ba zan zaɓa ba." Ya yi maganar a hankali, yadda na nesa ba zai ji ba. "Da Mama ta rasu, wa ke goya ni zuwa shagon ɗinki? A ƙarƙashin kekenki nake barci. Na taɓa zubar da shayi a kan rigar amarya, kin tuna? Da mai shagon ya manna irin wannan takarda, ina za ki ajiye ni?"

"Wannan daban."

"Jiya 'yata ta kira ni baƙo."

Yaya Babba ta kalli yarinyar da ke maƙale da wuyan uwarta. Ta juya ta wurga takardar a kwandon shara.

"In ta sake ɓari, uwarta ce za ta goge."

"Na zo da tsumma, Yaya," in ji 'Yar Kambas, tana bubbuga jakar goyo.

"Ai dole, tunda kin goyo rabin gida." Ta koma bayan kanta tana ƙunƙuni, amma ba ta ƙara zancen shigar 'Yar Kambas ba.

Auta ya kawo ƙaramin kofi ya ajiye gaban ƙaramar kujera, ya ja baya bai miƙa hannu ba. Kumfa ta sauko ta leƙa. Zomo ne, kunne ɗaya a karkace kamar yadda yake yi mata. Ta tsoma yatsa, ta lasa, ta ɗago ta ƙura masa ido.

"Baba," ta ce, ta miƙa masa yatsan.

Ya sunkuya ya lasa, hawaye na bin gemunsa. Da ya miƙe, ya dawo da kofi na biyu ya ajiye gaban matarsa, ya koma bayan inji yana goge abin da ya riga ya goge.

Haƙurinta bai faɗi ƙasa ba. Ba a yanke wa uwa hukunci da rigar jikinta, domin sau da yawa shigar da ake raina ita ce ke ba ta damar bin ɗanta da gudu. Kuma duk namijin da zai faranta wa dangi rai, ya duba da kyau kada ƙofar da ya rufe ta zama ita ce kaɗai hanyar da ɗansa ke bi ya zo gare shi.