Makokin Inna a Madabo

Ranar da Hashim ya fara ganin Rahila, ya ɗauka ba ta da lafiya. Ya shiga ofishin malamai a wata makaranta da ke gindin Goron Dutse, ya tarar da sabuwar malamar Faransanci ta sa kwanon abinci a gaba, kai a sunkuye, ido a rufe. Da gudu ya ɗebo ruwa.

"Malama, jiri kike ji?"

Ta buɗe ido. "Godiya nake wa Allah kafin in ci, Malam."

Don kunya, shi ya shanye ruwan.

Rahila Kirista ce, 'yar Tsibiri kusa da Maraɗi, aiki ya kawo ta Kano. Kullum daga ɗakinta na haya a Sabon Gari take hawa adaidaita sahu ta shigo birni. Ba ta tsare kowa da wa'azi, amma in ɗalibi ya kwanta ciwo sai ta bi lungu har gidansu ta ce da uwarsa, "Ina sa shi a addu'a." Wasu su ce amin, wasu su yi shiru. Wanda ya tambaye ta abin da ta gaskata, ta faɗa masa ba ɓoye-ɓoye. Hashim malamin lissafi ya fi kowa tambaya, kuma kowa ya san ba amsar ce ta dame shi ba.

In an tashi ta koma Sabon Gari, sai ya tura mata saƙo a waya: "'Yar Maraɗi, kin isa lafiya? Tun da kika tafi, makarantar ta yi mini faɗi."

"Na isa, Malamina. Ka ci abinci, ka daina shanye ruwan mutane."

Da maganar aurensu ta kai gidan su Hashim a unguwar Madabo, mahaifiyarsa Hajiya 'Yardada ta ce, "Addini bai hana ka ba, na sani. Ni dai ta musulunta tukuna. In ba haka ba, ga Jamila 'yar kawunka."

Da Rahila ta faɗa wa tata Innar a waya, kuka kawai tsohuwar ta yi ta ce ta dawo gida.

Sai Rahila ta rubuta masa, "Hashim, ina son ka, Allah ya sani. Amma ba zan faɗi abin da ba ya zuciyata don a ɗaura mini aure ba. Ka yi wa Hajiya biyayya."

Daga nan sai gaisuwa a bakin aji, kowa na ramewa a tsaye.

Ana cikin haka aka rufe boda tsakanin Najeriya da Nijar, kuma a lokacin Inna ta rasu. Aka binne ta Rahila ba ta gan ta ba. 'Yan cocinsu suka zo suka yi addu'a, kowa ya koma neman abincinsa. Ɗakin ya yi mata shirun da ba ta iya ɗauka, washegari sai ga ta a aji da alli a hannu, tana rubutu hawaye na zuba.

Hashim ya ba Hajiya labari.

"Uwarta ta mutu tana shiga aji? Wa ke zaune da ita?"

"Ba kowa, Hajiya."

"A garin nan? Tashi ka ɗauko mini ita."

Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, maƙwabta suka yi ta shigowa. Sai dai kowace ta buɗe baki za ta ce Allah ya jiƙanta, sai ta tuna mamaciyar ba Musulma ba ce, ta haɗiye, ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri." Rahila tana lura, abin yana sukar ta.

Hajiya ma ta lura. Ta matso ta ce, "'Yar nan, ku yaya kuke yi wa naku?"

"Waƙa muke yi, Hajiya."

"To yi wa uwarki."

Rahila ta ɗauko waƙar da Inna ke yi in tana daka, ta tashin matattu da saduwa a gaban Yesu. Ba ta kai ƙarshe ba kuka ya ƙwace mata. Hajiya ta jawo kanta ta ɗora a cinya, matan Madabo suna share ido da bakin mayafi.

Ranar da za ta koma ɗakinta Hajiya ta ce, "Na janye maganata ta sai kin musulunta. Amma ki sani, ban fasa roƙa miki shiriya ba."

"Ni ma ina sa ki a addu'a, Hajiya."

Sai bayan an buɗe boda aka ɗaura auren. Kawunta da ya zo ba da ita ya miƙa mata wani zane, ya ce Inna ta ajiye shi don ranar aurenta, amma ba ta faɗi ko da wa ba. Rahila ta rungume zanen ta yi kuka mai yawa, don abin da take son sani ke nan, ko Inna ta yarda da Hashim, kuma babu sauran wanda za ta tambaya.

Lahadin farko, da sassafe, Hajiya ta buga musu ƙofa.

"Kai Hashim, fito da babur ka kai 'yar mutane cocinsu kada ta makara. Ta riga ta rasa uwa, ba za ta rasa wannan a gidana ba."

Rahila ta fito ɗaure da zanen Inna, ta durƙusa. Hajiya ta dafa kanta ta ce, "Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya."

Su biyun suka ce amin.