Faɗin Yatsa Ɗaya

A wani gari, can da daɗewa, an yi wani tsohon kafinta. Wata rana yana haɗa fuskar kabad, ya ja zare daga kusurwa zuwa kusurwa, ya ga ta karkace da faɗin yatsa.

Matarsa ta ce, "Malam, ba ka gyarawa?"

Ya dafa ƙugu ya ce, "Na gaji. Yatsa ɗaya ne kawai." Ya buga ƙusa.

Ya kawo ƙofa, ta ƙi shiga. Ya fere, ya gwada. Ya kawo durowa, ta ƙi shiga. Ya fere, ya gwada. Har la'asar bai zauna ba.

Matar ta dubi tulin ɓawon katako ta ce, "Malam, duk wannan yatsa ɗaya ne?"

Tsoho ya nisa, ya fara cire ƙusoshi.