Buhun Sabuwar Shinkafa

Ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, jikata Shagufta ta faɗo a guje.

"Nani! Tanvir ya iso, har da tsaraba!"

Saurayinta ne, yaron birnin Lahore, bai san gona ba. Ya sauke buhu daga babur yana washe baki. "Basmati ce, Nani. Sabuwa fil, jiya aka sussuke ta!"

Ɗana Ghafur, kawunta, ya damƙi ƙwayar, ya watsar. "Sabuwa? A nan Hafizabad, garin shinkafa, za ka zo neman aure da sabuwar basmati? Mu ka raina, ko kunu kake so baƙinmu su sha ranar biki?"

"Sori, Kawu, na ɗauka sabuwar ta fi..."

"Ɗauki kayanka! Ga ɗana nan yana son ta, ga tsohuwar shinkafa cike da ɗaki."

Shagufta ta faɗa jikina tana kuka. "Nani, wallahi shi nake so!"

"Rufe min baki, hawaye ba ya dafa tukunya." Na juya ga yaron. "Kai, sakarai. Basmati sai ta kwanta ta tsufa take ƙamshi. Kai buhun ɗakina. Ranar da ta isa dahuwa, in kana nan, an ba ka Shagufta. In ƙwari suka cinye ta, kai ma kama gabanka."

Ni ban yi boko ba, amma ba a tsallake maganata a gidan nan.

Duk Juma'a sai ga shi. Ya shanya, ya sa gishiri, ya sauya ganyen darbejiya. Ghafur na tsokanarsa: "Mai gadin buhu, ya aiki?" Shi kuwa sai ya ce, "Da godiya, Kawu." Shagufta na leƙe ta taga, ni kuma ina yi kamar ban gani ba.

Damina ta wuce, wata ta biyo. Ranar nan na ɗebo, na jiƙa, na ɗora pulao, dafa-dukanmu. Da na buɗe tukunya, ƙamshi ya kai har bakin titi. Ƙwaya doguwa, washar-washar, babu wadda ta manne da 'yar'uwarta.

Ghafur ya ci, ya ƙara. Can ya ce, "Ammi, a sa rana."

Shagufta ta rungume ni. Na ture ta. "Tashi ki zuba wa angonki, ya rame."

Ku 'yan mata, ku ji ni. Wanda ya iya jiran shinkafa, shi zai iya zama da mace.